Maigida, Na Karɓe Sunan Dokta

Maigida, kafin gaisuwa ga kacici-kacici, kuma ban yarda ka leƙa ƙarshen takarda ba, don na san halinka, tun kana yaro naman miya kake fara tsincewa. Wane ne wannan? Hannunsa yana cikin kowane gida a Sakkwato, har ƙuryar ɗakin matan kulle, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka zauren kowa ba. Yana tarar da mutum kwance ya bar shi zaune. Ba wanda ya san kamanninsa, ba wanda ya san garinsu, in kuma aka tashi godiya wani daban ake kai wa zakara. Jefa shi a baki kamar goro, ka yi ta tauna har mu isa.

To yanzu, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata ka sauka Zariya lafiya, ba ciwon kai, ba ɓatan kaya. Allah ya tsare min kai a hanya da masauki, ya haɗa ka da abokan ɗaki masu tsoron Allah waɗanda ba su san daɗin kilishi ba. Da gangan na cusa takardar nan a ƙullin kilishin, don na san ko ba ka buɗe jakar littattafai ba, wannan ƙullin sai ka buɗe shi. Rubutun kuwa ka yi haƙuri da shi. Na yaƙi da jahilci ne, kuma ba a gama yaƙin ba aka yi sulhu.

Ba labarin gida zan ba ka ba, jiya-jiya ka bar shi. Magana ce da na kasa faɗa maka baki da baki, don duk sanda na buɗe baki tsiya ce ke riga fitowa, kai kuma kwanakin nan ba ka ramawa. Miji kuwa in ya daina rama tsiyar matarsa, ai ba lafiya ba.

Na ji ka. Ranar da kake tsaye gindin dogon yaro bayan ɗakina kana waya da abokinka, na ji. Ku duk gidan nan kun ɗauka kunnena ya mutu. Bai mutu ba, zaɓe yake yi. Ka ce, "Wallahi zuwa kawai za ni yi, in rage zaman gida. Baɗi in sake jarrabawa. Ni da anka sani da Dokta, in ƙare ina miƙa ma mutane farasitamol ta taga?" Ka bi shi da dariya, irin wadda haƙora kaɗai ke yi.

Ka nemi karatun likita, maki bai kai ba, jami'a ta ba ka karatun harhaɗa magunguna. Tun daga ranar tuwona ke dawowa da saura, ubanka kuma ya daina zama majalisar ƙofar gida, sai ya wuce sum-sum kamar wanda ya sha ruwa da rana a azumi. Abin da nake tsoro ke nan, Maigida: ka je can ka yi zaman jiran mota, jikinka a aji, idonka a hanya.

Wannan sunan Dokta da ke ci maka tuwo a ƙwarya, wa ya raɗa maka shi? Ba da rago aka yanka shi ba. Ni ce. Sunanka na yanka na kakanka ne, bakina ba ya iya faɗarsa, hannuna ma ya ƙi rubuta shi. Maigida kuwa sunan ɗaka ne, ba a ƙwala wa yaro shi a tsakar titi mutane su yi ta waige. Wata rana zazzaɓi ya kayar da ni, kana ɗan tatata, ka ɗauko murfin kwalba ka ɗaura masa zare, ka zo ka manna min a goshi. A goshi fa, ba a ƙirji ba. Ka ce, "Inno, yi numfashi." Na yi dariya har zazzaɓin ya ji kunya, na ce a ba da hanya, Dokta ya iso.

Shi ke nan, suna ya bi unguwarmu Gidan Dare kamar wutar kara. Mai kanti Dokta, malamin Islamiyya Dokta, ubanka a wurin aikinsu na siminti a Kalambaina har Baban Dokta ake ce masa, yana amsawa da faɗin kafaɗa. Ni wasa nake yi. Ban san riga nake ɗinka maka ba tun ba a auna ka ba, ka girma a cikinta, ba wanda ya taɓa tambayarka ko tana shaƙe maka wuya. To yau na karɓe kayana. Wanda ya ba da aro shi ke da ikon karɓa. Sunan wasa ba wahayi ba ne, kuma abin da tsohuwa ta faɗa cikin zafin zazzaɓi bai isa ya zaɓar wa mutum rayuwa ba. In Allah ya ba ka naka 'ya'yan, ka kira su da duk abin da ka ga dama, ɗan baƙi, mai kunnen zomo, amma kada ka kira yaro da sunan aiki.

Tunda ka raina masu awon magani, bari in tuna maka labarin filasko. Na san ka ji shi, kowa a zuri'ar nan ya ji shi, amma wajen dariyar kawai kuke tsayawa.

Ina amarya, kakanka ya yi ta ƙorafin cikinsa ya ɗaure. Ga shi ranar shi ne waliyyin ɗaurin auren 'yar ƙaninsa a cikin birni, yana so ya je da jiki sakayau. Na sha ganin uwata tana jiƙa filasko, ta ɗan tsakuro ganyen da 'yan yatsu ta jefa a ƙwarya. Sai na yi nawa lissafin. Na ce uwata yara take jiƙa wa, wannan kuwa namiji ne ƙato, na cika tafi. Na tuna ina sonsa, na ƙara. Ya shanye da safe ya sa babbar riga mai aiki ya fita yana ƙamshi. An taru, an raba goro, liman ya gyara murya ya ce, "Waliyyi ya bayar?" Shiru. Aka waiga, babu waliyyi, sai takalmansa. Da ƙyar aka ɗaura auren nan, a tsakanin zuwa da dawowa.

Da la'asar aka rako shi gida, rigar a kafaɗar wani. Ya zauna bakin gado ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ke, mi niy yi miki?"

Na ce, "Malam, so na."

Ya ce, "In wanga shi na so, don Allah rage mini."

Ka gama dariya? To dubi abin da ke ciki. Ganyen da uwata ta jiƙa shi na jiƙa, ruwan rijiya ɗaya ne, ƙwaryar ma tata ce. Abin da ya raba maganinta da ta'asata awo ne kawai. Uwata ta tafi kabari da awonta a 'yan yatsunta, ba ta bar wa kowa ba, don ita kanta ba ta san yadda za ta faɗe shi ba. Nawa ne na jariri, nawa ne na mai ciki, wa zai sha, wa zai nisance shi, ba wanda ya sani sai an ga abin da ya faru. Wannan sanin shi ake kiranka ka koya, kai kuma kana ta kumburi. In ka shiga ɗakin gwajinsu kada ka yi wa ganyayenmu dariya don a ce ka waye, kada kuma ka rantse da su don naku ne. Ka sa su a ma'auni su faɗi gaskiyarsu.

Kada ka ɗauka filasko ya sa na yi hankali. Da maganin asibiti ya yawaita sai na buɗe nawa asibitin a gwangwanin madara. Duk wanda aka rubuta wa magani a gidan nan, da ya ji sauƙi sai in ce ya isa, kada a yi ɓarna, in zuba ragowar a gwangwani. Ban san sunan ko ɗaya ba, da launi nake kiransu: ja da yalo, ɗan kore, fari mai tsaga. Mata suna aiko min daga gida-gida, ina bayarwa ina jin kaina. Har ranar da na ba maƙwabciyata Ta'Allah fari mai tsaga don ciwon haƙori, kafin azahar fuskarta ta kumbura idanu suka shige. Muka kwashe ta sai asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta ce, "Me ta sha?" Na ce da ƙarfina, "Fari na, mai tsaga a tsaka." Ba ta yi min faɗa ba. Ta jawo wani faranti ta zazzago fararen ƙwayoyi iri-iri, duka da tsaga a tsaka, ta ce, "Wanne daga ciki, Mama?" Allah ya taƙaita, Ta'Allah ta tashi, har yau muna gaisawa, amma ko goro na miƙa mata sai ta jujjuya shi. Gwangwani kuwa ranar ya kwana a masai.

Abin da ya sa na tono wannan, hutun farko da za ka dawo za su zo maka. Wannan ya nuna maka ƙurji, waccan ta turo kwalin magani a duba mata, ga masu kirari suna zuga ka. Daɗin a tambaye ka ya fi zuma, ni na sha na sani. Ka koyi cewa ban sani ba, ka koyi cewa je asibiti. Akwai kuma waɗanda za su raɓe ka ba don ciwo ba, don sun ji wata rana mabuɗin ɗakin ƙwayoyi zai shigo hannunka. Su ne za su fi kowa fara'a. Ka gaishe su daga nesa. Jarrabawa kuma kada ka saci amsa ko sau ɗaya. Mai karatun tarihi in ya yi satar amsa kansa ya cuta, amma wanda ya ci jarrabawar awo da ilimin maƙwabcinsa, gwangwanina ne aka sa wa farar riga.

Yanzu sai ka ce, to Inno, duk na ji, amma in na gama me zan ci? Ni ma na tambayi kaina, na ga ban da amsa, kuma zuwa da kai ya fi aike. Na yafa mayafi na tare mai babur ɗan kabu-kabu na ce unguwar Minanata. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, kin iya zama kuwa?" Na ce, "Na hau jaki tun ba a haifi uwarka ba, ja mu tai." Wurin Rabi na je, 'yar ƙawata Hajiya Luba, wadda ta yi irin karatun da aka ba ka, yanzu tana sashen magani na wani babban asibiti.

Na ce, "Rabi, ba gaisuwa ta kawo ni ba. Mijina anka ba karatunku, shina ta hushi. Ya ce taga za shi ƙare."

Ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta ce, "Inno, taga ɗaki guda ta, gidan kuwa babba na."

Ta shiga ba ni labarin 'yan ajinsu. Wani yana kamfanin haɗa magani a Legas, shi ke gwada abin da aka haɗa kafin ya fita kasuwa, in ya ce bai yi ba ko mai kamfanin bai isa ya fitar ba. Wata tana hukumar da ke farautar jabun magani, kasuwa-kasuwa, 'yan algus na jin sunanta su hau ɓoye kaya. Wasu sun buɗe nasu kantin da lasisinsu. Wani kuma ya koma jami'a yana koyarwa, yana binciken saiwoyi da ganyaye, yana kiwon ɓeraye.

Na ce, "Ɓeraye?"

Ta ce, "Farare tas. A ba su abinci, a ɗora su a sikeli, a gwada sabon magani kansu kafin a kai ga mutum."

Na ce, "Ikon Allah. Ni shekara da shekaru ina bin su da muciya, ashe ma'aikata na."

Amma Rabi ba ta shafa min zuma a baki ba, ni ma ba zan shafa maka ba. Ta ce karatun bai fi na likita sauƙi ba, shekarun ma ba su da nisa da juna, bayan an gama kuma akwai koyon aiki a hannun manya da bautar ƙasa kafin mutum ya tsaya da ƙafarsa. Ta ce aiki ba ya kwance bakin hanya, akwai wanda ya gama ya daɗe yana yawo da takardu, kuma kamfanonin yawancinsu a kudu suke, mai so sai ya yarda da nisan gida. Mai son ya kai ga ƙirƙiro sabon magani kuwa digiri ɗaya ba ya isarsa, sai ya ƙara, ya kuma ƙarawa, yana iya shafe shekaru kan abu guda a ƙarshe abin ya ƙi. Ta ce aikin gayya ne, wani ya yi sassabe, wani ya yi shuka, mai girbi wataƙila bai ma san su ba. Tagar da kake rainawa kuma ta ce ita ce ido na biyu, don likita mutum ne, yana gajiya, takardarsa sai ta bi ta hannunta kafin magani ya shiga bakin jariri.

Da na tashi tafiya ta rako ni ƙofa ta ce, "Inno, ki hwaɗa mishi abu guda. A ajinmu waɗanda sunka fi shan wuya su na waɗanda sunka zo da niyyar tahiya. Can ba su samu ba, nan ma sunka zube." Har na iso gida maganar tana bina a bayan babur.

Yanzu zan ajiye dariya kaɗan.

Goggonka Hassatu, ƙanwar ubanka, ba ka riske ta ba. Amosanin jini gare ta, wanda kuke ce wa sikila. In damina ta faɗi iska mai sanyi ta taso, yara na tsalle cikin ruwa, ita tana kan tabarma riƙe da ƙafa tana cewa, "Inna, ƙashina a ka dakawa." Na goya ta zuwa asibiti har ta yi tsawon da ƙafafunta ke dukan gwiwoyina. Likitan da ke duba ta mutumin kirki ne, ya san ciwon ciki da bai, kafin in ce ga inda ke mata zafi ya riga ya ɗora hannu a wurin. A ƙara mata ruwa, a ƙara mata jini, a ba ta na rage raɗaɗi, mu koma gida, mu sake dawowa. Wata rana na kama gefen rigarsa na ce, "Don Allah ka ba ta wanda za shi hana shi tashi." Ya buɗe min tafukan hannunsa biyu ya ce, "Mama, ba ni da shi." Ta rasu tana budurwa, saura kaɗan ta sauke Alƙur'ani. Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta.

Shekaru na yi ina jin haushin bawan Allahn nan. Na ɗauka iliminsa ne ya gaza, na ce da ƙwararre muka samu da ba haka ba. Ranar da ka manna min murfin kwalba a goshi, ina jin daga wannan mikin sunan ya fito, ko da yake da dariya ya fito.

Sai Allah ya kawo ƙanwarka Nana da ciwo iri ɗaya. Wannan ba sai na ba ka labari ba, kai ma ka goya ta, ka ji yadda take cije maka kafaɗa. Ka kuma ga abin da ya faru tun da aka ɗora ta a kan kafson nan na kowace safiya, ana duba jininta lokaci-lokaci. Bai raba ta da ciwon ba, har yanzu yana leƙowa. Amma daminar bara ina zaune na hango ta bakin ƙofa ta miƙa hannu tana tarar ruwan indararo, tana rigima da 'yar maƙwabta kan wa ya fi cika tafi. Na tashi na shige ɗaki don kada a ga fuskata.

Washegari na kama jan zakarana, wanda nake ta yi wa tanadin salla, na kai wa likitar da ke duba ta. Ta yi ta dariya zakara na fisge-fisge a ofis. Na ce mata ta fi likitan Hassatu nesa ba kusa ba. Sai ta daina dariya ta ce, "Mama, ban fi shi ba. Abin da ya sani game da ciwon shi na sani. Shi dai a lokacinsa hannunsa babu komai, ni kuwa an sa min wannan a hannu. Rubutawa kawai na yi."

Na ce, "To wa za ni kai ma zakaran?"

Ta ce, "Wallahi ni ma ban san shi ba."

Na dawo gida ina neman gafarar Allah kan mutumin da na riƙe a zuciya ba laifinsa. Maharbi ne ya san inda nama yake, aka tura shi daji da kwari babu kibiya.

Ka kula, Maigida, ban ce kai ne za ka gano maganin sikila ba. Na yi wannan kuskuren sau ɗaya, ba zan kwance maka wani kaya in ɗora maka wanda ya fi shi nauyi ba. Wataƙila a taga za ka ƙare, wataƙila wurin ɓeraye, wataƙila Legas ta cinye min kai sai salla-salla. Duk wanda ya zama, halal ne, kuma akwai mai numfashi saboda shi.

Saura ubanka. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na sa aka kira min shi. Ɗan fari ne, ba na kama sunansa, na ce, "Kai, zauna." Ya zauna yana kallon tabarma, ya ce, "Inna, ba karatun na ba. Mi za ni ce ma mutane?"

Na ce, "Gida nawa anka gina garin ga da simintin da ku ka yi?"

Ya ce, "Allah kaɗai ya sani."

Na ce, "Wa ya taɓa tahowa Kalambaina ya ce maka an gode, gidana bai rushe ba?"

Ya ɗan murmusa ya ce, "Ai magini a ka yaba."

Na ce, "To aikinka banza na ke nan?"

Daidai nan Nana ta gifta da kofin ruwa, ya bi ta da ido har ta shige. Kada ka manta, yana saurayi aka fita da Hassatu, kafaɗarsa na cikin waɗanda suka ɗauke ta. Can sai ya share murya ya ce, "Su ma suna sa farar riga?"

Na ce, "Ta Rabi ma rataye na gan ta."

Duba can ƙasan jakarka, ƙarƙashin bargo, akwai farar riga. Shi ya sayo ta, kunya ta hana shi miƙa maka, ya kawo min ya ce in san yadda zan yi. Na ɗaga ta na gani, ta yi maka yawa ƙwarai, hannun sai ka naɗe. Ubanka bai taɓa sanin awon kowa ba, gado ya yi. Kada ka ce masa komai a kanta, ka dai kira shi in ka sauka, ka bari ya yi ta tambayarka ko akwai ruwa a makarantar.

Ga roƙona guda. Ka shiga karatun nan da zuciyarka duka, ka zauna zaman mai gida, ka bari ya nuna maka fuskarsa kafin ka yanke masa hukunci. In ka yi haka tsakaninka da Allah, ka ga har yanzu likitancin ne ranka ke kira, ba don mai kanti da majalisa ba, to ka zo ka faɗa min, ni zan tsaya gaban ubanka, ni zan raka ka wurin jarrabawar a kan kabu-kabu. Amma kada ka tsere don kunya. Kunyar ta mutane ce, su kuwa kafin ka dawo hutu sun samu wani abin taunawa.

Sauran ka san su. Salla a kan lokaci, ko ana tsakiyar gwaji ka san yadda za ka yi. Ka ci abinci, kada ka dawo min kamar sillen kara a ce ban iya riƙon miji ba. In Zazzagawa suka yi maka dariyar munka da sunka ka bar su, ba su taɓa jin magana da gishirinta ba. 'Yan mata kuwa ban hana ka gaisawa ba, amma ka sanar da su kana da uwargida a Sakkwato, kuma ta iya jiƙa filasko.

Allah ya buɗa maka ƙirji, ya sa abin da za ka koya ya zauna, ya sa ya amfane ka ya amfani bayinsa. Allah ya tsare hannunka daga cutar da kowa, da sani ko da kuskure. Ya kare ka daga sharrin hanya, da sharrin aboki, da ciwon da ba a san kansa ba. Yadda ka fita lafiya ya dawo min da kai lafiya, in kuma ka dawo ba ka tarar da ni ba, ya sa addu'ar nan ta ci gaba da binka. Uwarka na gaishe ka, Nana ta ce ka sayo mata abin Zariya, ko mene ne shi.

Ni ce matarka wadda ba ka taɓa saya wa ko ɗankwali ba,
Kakarka Inno.

Na san ka leƙo nan tun farko, ɓarawon nama. Amsar ita ce mai haɗa magani. Shi ne mutumin da ya yi kafson da Nana ke sha kowace safiya.